Awon albarushi a bindiga mai ƙanƙara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi gyara a kan wata magana da ta fito cikin rahoton da jaridarku ta buga game da hawan Sallar da ya gabata a nan Damagaram. Rahoton ya yi armashi, kuma wakilinku ya kwatanta dawaki da algaita da kakaki yadda wanda bai halarta ba zai ji kamar yana tsaye a ƙofar fada. Sai dai da ya zo kan ƴan bindiga, ya rubuta cewa da ƙara ake gane bindiga mai ƙarfi, kuma gwanin ɗuri shi ne wanda ba ya ƙyashin albarushi. Na san ba shi ya ƙago wannan magana ba, a bakin mutane ya tsince ta, domin ni ma da ita na tashi. Amma magana ce da ba ta tsayawa idan aka kai ta gaban ma'auni, kuma tun da yanzu ta shiga takarda, samari masu karatu za su ɗauke ta a matsayin ilimi, alhali kuwa yatsu da idanu take ci.

Ni tsohon mushe ne, wato malamin makaranta, na yi shekaru ina koyar da fizik a lise kafin in ajiye aiki, kuma kakana na wajen uwa yana cikin ƴan bindigar Sarki. Bindigarsa mai ƙanƙara tana nan rataye a ɗakin yayana, ba wanda ya ƙara ɗura ta tun bayan rasuwarsa. Saboda haka a matsayin ɗan gida nake magana. Mu mutanen Damagaram ba baƙin albarushi ba ne, domin a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi sarauta har zuwa 1884, a cikin birnin nan ake haɗa albarushi, a nan aka ƙera igwa, bindigogi kuma ayari ke ratso Sahara da su daga Tarabulus. Irin bindigar da nake nufi ita ce wadda idan aka ja kunama, ƙarfen da ke riƙe da ƙanƙara zai sauko ya karci wani ƙarfe mai tauri, tartsatsi ya faɗa cikin ɗan kaskon da ke gefe, wutar ta bi ta ƴar huda ta iske babban ɗurin da ke cikin bututu. A Faransa aka daidaita wannan dabara a farkon ƙarni na 17, ta kuma yi wajen shekara 200 tana mulki a filayen yaƙi kafin a ƙirƙiro abin da ya gaje ta. Har yau a Turai da Amurka akwai masu ƙera ta da masu gasar harbi da ita, kuma daga gwaje-gwajen da suke wallafawa, tare da lissafin da na koyar a aji, na ɗebo abin da zan faɗa.

Bari in fara da yadda kakana ke awo, domin a nan tushen matsalar yake. Yakan zuba albarushi daga ƙaho a tafin hannu, ya juye cikin bakin bindiga, ya danna tsumma da sandar ɗuri, sannan ya ɗora yatsunsa a kan abin da ya rage na sandar a waje, ya ce wannan ɗurin yatsu uku ne, ko yatsu huɗu. Ina yaro ina ganin wannan gwaninta ce marar iyaka. Da na girma na zauna na yi lissafi sai jikina ya yi sanyi. Bututun da faɗin raminsa ya kai milimita 17.5, kamar na bindigogin sojan Faransa na dā, kowane santimita ɗaya na tsawonsa yana cin kusan giram biyu da rabi na albarushi. Faɗin yatsan babban mutum kuwa yana kusa da santimita biyu. Ke nan yatsa ɗaya tak ya haura giram huɗu, wato ya kai cikakken ɗurin da masu gasa ke yi wa bindiga mai ramin milimita 12.7, har da ɗoriya. Wanda ya ce bari in ƙara yatsa guda don Sallah, ɗuri na biyu ya aza a kan na farko bai sani ba. Ga shi kuma yatsan maƙeri daban, na matashi daban, sannan awon ya haɗa da kaurin tsumma, wanda yau a yage shi da yawa, gobe kaɗan. Ba mu kaɗai ke da irin wannan al'ada ba: mafarautan Amurka na dā su ma an ce sukan aza harsashi a tafin hannu su zuba albarushi har ya rufe shi, kuma jikokinsu sun bar wannan sun koma ga ma'auni saboda dalilin da na ambata.

Masu gwaji na yanzu suna ƙirga albarushi da wani ƙaramin awo da suke kira giren, wanda giren 15 da ɗoriya ke yin giram ɗaya. Bindiga mai ramin milimita 12.7 tana harba dunƙulen dalma mai nauyin kusan giram 11.5, kuma al'adarsu ita ce su fara gwaji daga wajen giren 50, wato giram uku da ɗan kai, su riƙa ƙara giren biyar biyar. Giren biyar bai kai sulusin giram ba. A kwatanta wannan da yatsan kakana.

Yanzu ga tambayar da wakilinku ya amsa ba tare da ya yi ta ba: idan aka ƙara albarushi, mene ne ke ƙaruwa? Gudun harsashi yana ƙaruwa, wannan gaskiya ne, amma ba daidai da ƙarin ba. Ƙarfin da harsashi ke ɗauke da shi yana tafiya ne da nauyinsa da kuma gudunsa idan an ninka gudun da kansa. Saboda haka, ko da mun ɗauka cewa kowace ƙwayar albarushi ta ƙone sarai ta yi aiki daidai da ƴar'uwarta, wanda ya ninka ɗuri sau biyu zai sami ƙarin gudu na kashi 41 cikin ɗari ne kawai, kuma sai ya zuba ninki huɗu kafin gudun ya ninka sau biyu. Sannan ba kowace ƙwaya ke yin aiki daidai ba. Fiye da rabin albarushin gargajiya ba ya zama iska bayan ya ƙone, toka da dauɗa yake zama, kuma wannan nauyi shi ma sai an tura shi gaba tare da harsashi. Wanda ya zuba giram shida da rabi a bayan dalma mai giram 11.5 ya ƙara wa bindigarsa dakon da ya fi rabin nauyin harsashin. Shi ya sa a sakamakon masu gwaji, giren goma na farkon ƙari kan kawo riba mai kauri, na ƙarshe kuma ribarsa ta yi ta ƙanƙancewa, alhali matsin da bututu ke sha da shurin da kafaɗa ke sha suna ci gaba da hawa.

Ƙarar da ake yabo kuwa daga ina take fitowa? Daga iskar da ta iso bakin bindiga da sauran matsinta, ta fashe a sarari bayan harsashi ya riga ya tafi. Wannan ƙarfi ne da harsashi bai samu ba. Hujja mafi sauƙi tana ƙofar fada ranar Sallah, inda bindigar da ba harsashi a cikinta ko ɗaya take girgiza bango. Akwai kuma abin da iska ke yi wa dunƙulen dalma bayan ya fita. Irin waɗannan bindigogi kan tura shi da gudun mita 400 zuwa 600 a sakan ɗaya, gwargwadon ɗuri, wato fiye da gudun sauti, wanda a zafin bazararmu yake wajen mita 355 a sakan. Abu mai siffar ƙwallo ba ya keta iska da kyau, kuma yadda ya fi gudu haka iska ta fi taka masa birki. Kafin ya kai mita 100 ya zubar da fiye da rabin ƙarfinsa, kuma tazarar da ke tsakanin babban ɗuri da matsakaici a bakin bindiga ta ragu ƙwarai a can. An biya albarushi mai yawa an sayi gudun da iska za ta ƙwace a mita hamsin na farko.

Duk wannan ba sai an yarda da ni ba, domin gudun harsashi abu ne da ake aunawa, kuma an fara auna shi tun zamanin bindiga mai ƙanƙara. Wani masanin lissafi ɗan Ingila, Benjamin Robins, ya wallafa hanyarsa a 1742. Ya rataya wani nauyi yadda zai iya lilo, ya harba harsashi ya nutse a cikinsa, ya auna iyakar inda nauyin ya kai, daga nan ya lissafo gudun. Na sha yin wannan gwaji da ɗalibaina da bindigar iska da dunƙulen yumɓu, kuma duk shekara akan sami wanda bai yarda ba sai ya ga alli a allo. Ga misalin yadda lissafin yake: idan aka rataya buhun rairayi mai kilo goma da igiya mai tsawon mita biyu, harsashi mai giram 11.5 da ke gudun mita 450 a sakan zai tura shi gaba wajen santimita 23, mai gudun mita 500 kuma wajen santimita 26. Rairayi dai ba ma sayensa a Damagaram. Abin kula kawai shi ne a nisanta buhun da bakin bindiga ƴan mitoci, don kada hucin albarushi ya taya harsashi turi. Masu hali a yau suna amfani da na'ura mai idanu biyu na haske, tazararsu kamar santimita 30, wadda ke ƙirga lokacin da inuwar harsashi ta ɗauka daga ido na farko zuwa na biyu, lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Ita ma sai an ja da ita baya mita uku zuwa biyar, in ba haka ba hayaƙi da ƙyallen da ya rufe harsashi su ruɗa ta, ta ba da lambar ƙarya.

Sai dai sanin gudu rabin aiki ne, kuma a ganina ƙaramin rabin. Maharbi ba gudu yake nema ba don kansa, so yake abin da ya yi bara ya samu. A nan ne gwajin ya fi buƙatar haƙuri. Ana kafa farar takarda mai baƙin ɗigo a nisan mita 50, da tudun rairayi a bayanta, a aza bindiga a kan buhu don a fitar da rawar hannu daga lissafi, sannan a yi harbi biyar da ɗuri iri ɗaya ana saitin wuri ɗaya. Ba a damu ko harsasan sun faɗa kan ɗigon ba, domin gyaran saiti aiki ne na daga baya. Abin da ake dubawa shi ne yadda ramukan biyar suka taru, a auna tazarar da ke tsakanin biyun da suka fi nisa da juna, a rubuta. Sai a ƙara giren biyar, a sa sabuwar takarda, a sake biyar. Abin da masu gwaji suka saba gani shi ne ramukan suna ta matsowa kusa da juna har a kai wani ɗuri, daga nan kuma idan aka ci gaba da ƙari su fara watsewa. Wannan wurin da suka fi taruwa shi ne abincin wannan bindiga, kuma ba lallai ya zama na ƙanwarta da maƙeri ɗaya ya ƙera su ba. Harbi uku ba ya isa hukunci, domin sa'a kaɗai tana iya tara ramuka uku, kuma ɗurin da ya yi nasara yau ya kamata a sake jarraba shi wata safiya kafin a ba shi sarauta. Masu gasar duniya ta bindigogin da ake ɗurawa ta baki, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a 1971, harbi 13 suke yi cikin minti 30 a ƙirga musu goma mafi kyau, kuma matsakaicin ɗuri suke yi, domin takarda ba ta jin ƙara.

Dalilin da ya sa na fi damuwa da daidaiton awo a kan yawansa shi ne wannan. Harsashi yana fara faɗuwa ne tun fitarsa daga baki, kuma yawan faɗuwar ya danganta da daɗewarsa a hanya. Wanda matsakaicin gudunsa ya zama mita 400 a sakan zai kai mita 100 cikin rubu'in sakan, ya faɗi wajen santimita 31. Wanda matsakaicin gudunsa ya zama 360 zai faɗi kusan 38. Bambancin santimita bakwai ke nan daga tafin hannun da ya ɗan cika yau ya ɗan rage gobe, tun ba a sa iska da rawar jiki a lissafi ba. Shi ya sa mai na'urar awo ba ya tsayawa ga matsakaicin gudu, yakan duba tazarar da ke tsakanin harbi mafi sauri da mafi nawa a cikin biyar ɗin. Ɗurin da ke ba da gudu matsakaici amma kusan iri ɗaya kowane lokaci ya fi wanda ke ba da gudu mai yawa yana hawa da sauka.

Sharaɗin da ya fi wuyar kiyayewa shi ne kada a canza abu biyu a lokaci ɗaya, kuma bindiga mai ƙanƙara tana da abubuwa da yawa masu canza kansu ba da izini ba. Bindiga mai tsaga a ciki, wato wadda aka yi wa zane mai murɗewa a cikin bututu don harsashi ya fita yana juyawa kamar mazari, ana naɗe mata dalma ne da ɗan ƙyalle mai maiƙo, kuma ƙyallen ne ke kama tsagar ya toshe wa wuta hanya. Mai gwaji na ƙwarai yakan taka ƴan mitoci gaba ya tsinci ƙyallayen da suka faɗi ya karanta su. Wanda ya fito da baƙin zobe kawai, lafiya lau. Wanda ya fito a yage ko a ƙone yana faɗa masa cewa wuta tana wuce harsashi ta gefe, kuma sau da yawa wannan ne asirin watsewar ramuka idan ɗuri ya yi yawa. Ga dauɗar da kowane harbi ke bari, wadda ke matse rami ta sa harbi na biyar ya bambanta da na farko, sai an riƙa goge ciki iri ɗaya bayan kowane harbi. Ga ƴar hudar wuta, wadda faɗinta bai kamata ya wuce kamar milimita ɗaya da rabi da kaɗan ba, amma wuta na cin ta shekara da shekaru har ta buɗe, wani ɓangare na matsin ya riƙa tsere wa ta nan. Ga ita kanta ƙanƙarar, wadda idan bakinta ya dakushe tartsatsi ke raguwa, tashin wuta ya yi jinkiri, kuma a cikin wannan ɗan jinkiri bakin bindiga ya riga ya kauce, sai a ɗora wa albarushi laifin da ba nasa ba. Girman ƙwayar albarushi ma yana da nasa hukunci: mai laushi ya fi saurin ci da tayar da matsi, saboda haka ma'auni ɗaya na mai laushi ba daidai yake da na mai tsakuwa ba, kuma wanda ya fi kowanne laushi na kasko ne kawai, ba a yin babban ɗuri da shi. Sai yanayi. Albarushin da ya sha raɓar Agusta ba shi ne na watan Afrilu ba, iskar hunturu kuma tana iya kautar da dunƙulen dalma har a zaci ɗuri ne ya ɓaci. Sanyin safiya kafin iska ta tashi shi ne lokacin gwaji.

A nan dole in ja hankalin mai karatu da babbar murya. Lambobin da na kawo na bindigogi ne masu tsaga, waɗanda aka ƙera da ƙarfen da aka san ingancinsa, kuma kowace tana zuwa da iyakar ɗurin da maƙerinta ya yarda da shi. A ƙasashen Turai da dama bututu ba ya shiga kasuwa sai an kai shi gidan gwaji an ɗura masa fiye da ƙima an harba daga nesa, in ya tsira a buga masa hatimi. Garin Liyej na Beljiyam yana da wannan tsari tun 1672, Bamingam ta Ingila kuma ta kafa nata gidan a 1813. Yawancin abin da ke hannun mutanenmu kuwa harba-ka-ruga ce mai sumul ɗin ciki, wasu tsofaffi ne da tsatsa ta ci daga ciki, wasu kuma da bututun famfo aka yi su, wanda ɗinkin walda ne a jikinsa daga sama har ƙasa, kuma don ruwa aka yi shi. Kada kowa ya ɗauki giren 50 ko 80 daga wasiƙata ya kai wa irin wannan bindiga yana cewa mushe ya faɗa. Hanyar gwajin ce abin ɗauka, wato a fara daga ƙasa, a auna, a rubuta, a tsaya da zarar an sami biyan buƙata. Bindiga mai sumul ɗin ciki ma tana da iyakar da albarushi ba ya ɗaga ta. Harsashinta yana fita ne yana juyawa ta duk inda gogarsa ta ƙarshe da bututu ta sa shi, kuma Robins ɗin nan da na ambata shi ya nuna, ta hanyar jera labulen takarda a kan hanyar harsashi, cewa wannan juyi ne ke lanƙwasa tafiyarsa hagu ko dama. Ƙarin ɗuri ba ya gyara wannan. Kusantar abin bara ce ke gyara shi, kuma mafarautanmu na dā sun san haka, shi ya sa suka fi gwanancewa a sanɗa.

Ban rubuta wannan don nishaɗin lissafi ba. Shekarun baya ɗan maƙwabcina, yaro mai hankali da na koyar a aji, ya ari bindiga zai yi harbin murna a wani biki. Abokansa suna zuga shi cewa tasa ta fi ta kowa ƙara, ya ƙara albarushi, ya danna tsumma a kan tsumma ya yi ta dukansa da sanda. Bututun ya tsage daidai inda hannunsa na hagu yake riƙe. Mun kai shi asibiti a daren, ya rayu, amma yatsu biyu ba su dawo gida da shi ba. Mutane suka ce tsautsayi ne, kuma ban musa cewa komai da ƙaddararsa ba, amma na ga guntun bututun da idona, na ga ɗinkin waldar da ya buɗe kamar an tsaga kara. Masu ganin cewa harbin da ba harsashi ba shi da haɗari su sani tsumma mai yawa da aka danne shi ma toshi ne. Akwai kuma wasu kurakurai da ke fasa ko da bindigar kirki. Mafi muni shi ne a farke harsashin zamani a juye garinsa cikin bindigar gargajiya. Wancan gari marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya ƙirƙiro a 1884, wani abu ne daban mai matsi ninki-ba-ninki, kuma babu wani ɗan awo nasa da za a ce ba shi da haɗari a irin bindigoginmu. Sai barin sarari tsakanin albarushi da harsashi saboda dauɗa ta hana shi sauka har ƙasa, wanda ke kumbura bututu ko ya fasa shi. Sai yin ɗuri a kan ɗuri cikin hayaniyar taro, wanda maganinsa bai wuce a yi wa sandar ɗuri zane biyu ba, ɗaya na bindiga wofi, ɗaya na ɗuri guda. Sai zuba albarushi kai tsaye daga ƙaho cikin bakin da aka harba yanzun nan, inda ɗan garwashin da ya rage a ciki zai iya bin zubin ya tashi ƙahon gaba ɗaya a hannun mai shi.

Na san za a ce kakanninmu sun yi yaƙi da farauta da yatsunsu ba su san giren ba. Haka ne, kuma ba na rage musu komai. Amma kakana bindiga ɗaya ya riƙe rayuwarsa duka, da hannu ɗaya yake ɗura ta, daga wurin mutum ɗaya yake karɓar albarushi, har tafinsa ya zama ma'auni ba tare da ya sani ba. Saurayin yau yana taɓa bindiga sau biyu a shekara, ta aro, da albarushin da bai san wanda ya haɗa shi ba. Abin da ya gada shi ne motsin hannun, shekara arba'in ɗin da suka daidaita hannun bai gaje su ba. Ma'auni ne kaɗai zai iya tsaya masa a madadinsu.

Abin da nake ba da shawara ba ya cin kuɗi. Kowace bindiga ta sami nata ma'auni, ko da tsinin ƙahon akuya ne ko guntun gora da aka yanke daidai, a ɗaure shi da igiya a jikinta, a cika shi a share baki, kada a tula. Shugabannin ƴan bindiga su zauna da maƙera kafin Sallah su duba kowane bututu, wanda ya kumbura ko ya yi rami a ajiye shi a rataya kamar na kakana, sauran kuma a yanka musu ma'auni daga ƙaramin ɗurin da ke ba da ƙara mai gamsarwa, domin don taro ƙara kawai ake so, kuma ana samun ta tun ba a kusanci iyakar ƙarfe ba. Gwajin farko na bindigar da ba a sani ba a yi shi tana ɗaure a jikin kututture, a ja kunama da doguwar igiya daga bayan tudu. Wanda kuma yake da izinin riƙe bindiga da na farauta, kamar yadda dokar farauta ta 1998 ta tanada, kuma yake son gwada ɗurinsa a kan takarda, ya fara sanar da jandarma da mai garin wurin, domin a halin da ƙasa take ciki wanda ya fita bayan gari da asuba yana ta harbi ba da sanin kowa ba ya sayi fitina da kuɗinsa.

Ina roƙon ka, Malam Edita, idan Sallah mai zuwa ta gabato, ka tura wakilin nan naka wurin maƙeran Birni da dattawan ƴan bindiga ya tambaye su nawa kowannensu ke zubawa, ya tafi da ƙaramin sikelin masu sayar da zinariya ya auna tafin mutum biyar a gabansu, ya buga mana lambobin. In yana son ɗan rakiya, ni zan riƙe masa takarda da alƙalami.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin fizik,
Unguwar Birni, Damagaram